Intanet na rarrafe a ofishina na gida: in sayi busta ko in canza layi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Ni ke riƙe da lissafin wata ƙungiyar manoman riɗi da zoborodo, kuma shagon ƙofar gidanmu na mayar ofis. Ginin ƙasa ne, rufin kwano. Ina da mifi, ƙaramar na'urar nan ta intanet da ake sa wa sim, da laftof. Sandunan sabis uku suke nunawa, amma in na shiga taro ta Zoom ni ina jin mutane, su ba sa ji na, sannan tura hotunan rasit sai ya ci mini rabin yini. An ce in sayi busta, na'urar ƙara ƙarfin sabis. Mene ne shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka riƙe kuɗin bustar nan tukuna, kada ka fitar da ko sisi sai ka yi awo. Aikina ke nan, girka na'urorin intanet a gidaje da makarantu da ƙananan asibitocin karkara, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne in tarar da mutum ya kashe kuɗin buhu biyu na riɗi kan na'urar da ba ta da alaƙa da matsalarsa.

Intanet ɗin da ke isowa laftof ɗinka zango biyu yake yi. Na farko daga ƙarfen sabis zuwa mifi, kuma a irin yankinku wannan zangon zai iya kai kilomita da yawa. Na biyu daga mifi zuwa laftof, taku kaɗan, shi ne waifai. Kowanne da ciwonsa da maganinsa. A birni yawanci zango na biyu ne ke ba da wahala, saboda gidaje sun cunkushe, kowa da rautarsa, wato na'urar da ke raba waifai a gida. A ƙauye kuwa kusan kullum na farko ne. Rarrabe su ba wuya: ka haɗa mifin da laftof da igiyar caji ta USB, ka kashe waifai ɗin laftof, ka gwada gudu a fast.com ko manhajar Speedtest. In gudun bai canza ba, waifai ba shi da laifi, tsakaninka da ƙarfen sabis ne abin yake. Ka lura dai gwajin kansa yana cin data, kada ka yi ta maimaitawa babu dalili.

Sandunan nan uku da kake gani, ka daina yarda da su. Kowane kamfanin na'ura da yadda yake zana nasa, kuma ba sa gaya maka ingancin sabis. Lambobi biyu ne ke faɗin gaskiya. Ta farko RSRP, wato ƙarfin abin da ke isowa gare ka daga ƙarfen sabis. Ana rubuta ta da alamar ragi a gaba: -80 ya yi kyau ƙwarai, -90 ba laifi, -100 ya fara rauni, -110 zuwa ƙasa kuwa kana bakin gaɓa. Ta biyu SINR, ita ce ke nuna yadda saƙon ya fita tas daga cikin hayaniya. In ta haura 20 ka more, 13 zuwa 20 aiki zai tafi lafiya, ƙasa da 5 wahala ce, in ta gangara ƙasa da sifili to intanet sai dai suna. Kamar mai kiranka ne a tsakiyar kara ranar kasuwa: muryarsa na iya zama da ƙarfi, amma ihun dillalai da kukan shanu su hana ka fahimtar abin da yake faɗa. Shi ya sa za ka ga sanduna cike amma shafi ya ƙi buɗewa.

Don ganin lambobin, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin mifin. Na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, na ZTE kuma 192.168.0.1, ana kuma rubuta shi a jikin na'urar ko ƙarƙashin batir. Ka duba shafin bayanan na'ura. Wasu ƙananan mifi ba sa nunawa, to sai ka cire sim ɗin ka sa a waya. A yawancin wayoyin Android in ka danna *#*#4636#*#* bayanin zai fito, a Samsung kuma *#0011#.

Daga nan sai aikin ƙafa. Ka ɗauki biro da takarda. Ka fara a kan teburinka, ka jira kamar minti ɗaya lambobin su zauna, ka rubuta. Ka matsa bakin taga, ka rubuta. Ka fita ƙofar gida, ka rubuta. Ka zaga bayan shagon, ka shiga tsakar gida, kowace kusurwa ka rubuta. Sannan ka samo tsani ka hau har kanka ya wuce rufin, ka ɗaga na'urar sama, ka sake dubawa. A gidaje irin naka ba abin mamaki ba ne a ga -112 a kan tebur, a ga -98 a saman tsani. Ka san kuwa ma'aunin nan ba kamar na mudu yake ba: ƙarin 3 ninki biyu ne na ƙarfi, ƙarin 10 ninki goma. Bambancin 14 da ka samu don kawai ka hau tsani ya fi ninki ashirin, kuma ba ka biya kowa ba.

Dalilin yana jikin ginin naka. Katangar ƙasa tana da kauri, in damina ta sauka ta sha ruwa sai ta ƙara tsotse sabis, don ruwa na shanye irin wannan igiyar rediyo. Kwano kuwa ƙarfe ne, mayar da ita yake yi baya. Shago mai ƙaramar taga ɗaya da ƙofar ƙarfe ya zama akwati rufaffe. Ga bishiyoyi: layin darbejiya ko mangwaro da ke tsakaninka da ƙarfen sabis yana rage shi sosai, musamman in ganye ya cika ya jiƙe. Shi ya sa wasu ke cewa sabis ɗinsu ya fi kyau da rani. Amma kuna da abin da mutanen tsaunuka ba su da shi, ƙasarku shimfiɗaɗɗiya ce. In ka ɗaga na'ura ta wuce rufi da kan bishiyoyi, sau da yawa babu abin da ya rage tsakaninka da ƙarfen sai iska.

Abin da ka ce, kana jin su ba sa jin ka, shi ne ya fi tabbatar mini da inda matsalar take. Ƙarfen sabis yana watsa saƙonsa da ƙarfin wat masu yawa, daga manyan eriya, a can sama. Mifinka kuwa iyakar ƙarfinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya ne, da 'yar eriya a cikin roba, a kan tebur, a cikin ɗakin ƙasa. Saboda haka a inda sabis ya yi nisa, ɗorawa, wato abin da kake turawa, ce ke fara mutuwa kafin saukewa, wato abin da ke zuwa maka. Muryarka a taro ɗorawa ce, hotunan rasit ɗorawa ne. Aikinka gaba ɗaya ya rataya a kan ɓangaren da ya fi rauni. Don haka in kana gwaji, lambar ɗorawa za ka fi sa wa ido. Taron bidiyo ba ya buƙatar gudu mai yawa, megabit biyu zuwa huɗu a kowane ɓangare sun wadatar, in dai ba ya yankewa. Megabit uku tsayayye ya fi ashirin mai zuwa yana tafiya.

To me za a yi? Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. In awonka ya nuna taga ko wata kusurwa ta fi, ka rataye mifin a can, sama-sama, amma kada ya manne da kwano ko ƙarfen taga. Ana sayar da igiyar ƙarin tsawo ta USB, har mita biyar tana aiki ba matsala, sai mifin ya zauna a taga laftof na kan tebur. Ka shiga saitin ka kulle shi a kan 4G kaɗai, don in an bar shi ya zaɓa da kansa yakan yi ta tsalle tsakanin 4G da 3G, kowane tsalle kuma yankewa ne a taronka. Wannan na mifi ne da rauta. In da wayarka kake raba intanet, ka sani cewa a wayoyi da yawa kira na shigowa take sauka daga 4G, intanet ya tsaya cak har a gama magana. Layin aiki ya zama daban da layin kira.

In wannan bai isa ba, sai a fita waje a hau sama, kuma a nan ne ya kamata kuɗinka ya tafi. Hanya biyu ce. Ta farko ka sayi rauta mai ramukan eriya a bayanta, ka kafa eriya a kan dogon bututun ƙarfe, ka jawo kebul zuwa ɗaki. Ka nemi eriya mai kebul biyu, domin 4G da hanyoyi biyu yake aiki lokaci guda, mai kebul ɗaya ta rage maka gudu. Sai dai akwai tarko a nan da masu sayarwa ba sa faɗa: kebul ɗin eriya yana cin sabis. Siririn nan da ake haɗo shi da eriyoyi masu araha, mita goma nasa na iya cinye kashi uku cikin huɗu na abin da eriyar ta kamo. Na sha ganin eriya a sama, kebul mita ashirin a nannaɗe a bayan ƙofa, mai gida na cewa an cuce shi. In za ka bi wannan hanya, kebul ya zama mai kauri, gajere iya yadda zai yiwu, kuma kada a yi masa haɗi a tsakiya.

Hanya ta biyu ita na fi so, ita kuma nake ba irinka shawara. Akwai rauta ta waje wadda sim yake shiga cikinta, ita da eriyarta a cikin kwanso ɗaya da ruwa ba ya shiga. Ana ɗaure ta a saman bututu, a jawo kebul ɗin kwamfuta, wanda ake kira kebul na LAN, zuwa ɗaki. Wannan kebul ɗin har mita 100 ba ya rage gudu, kuma ta cikinsa ake tura wa na'urar wuta, ba sai an ja wata waya daban ba. A ɗaki sai ka soka shi kai tsaye a laftof, ko a ƙaramar rauta don wayoyi su samu. Ta fi tsada a farko, amma babu asarar kebul, kuma ɗorawarka ce za ta fi kowa amfana.

Saita fuskar eriya aikin mutum biyu ne. Ɗaya a sama yana juya bututun kaɗan-kaɗan, ɗaya a ƙasa yana kallon lambobi. A juya kamar faɗin tafin hannu, a tsaya a ƙirga talatin, a karanta, a sake juyawa. SINR za ku bi. Wani lokaci ƙarfen da ya fi kusa ba shi ne ya fi ba, ko don ya cika da jama'a, ko don fuskokinsa na kallon wani gefen. In an samu wurin da ya fi, a ɗaure tamau a yi alama da fenti, don iskar farkon damina da ke kwashe rufi ba za ta bar eriya a inda take ba. A ɗaure bututun da wayoyi uku zuwa ƙasa. Maganar tsawa kuma ba wasa ba ce, Malam. Ƙarfen da ya fi duk gidajen unguwa tsawo yana bukatar a haɗa shi da sandar tagulla da aka binne a ƙasa da waya mai kauri, kuma in hadari ya haɗo ka zare kebul daga laftof. Sannan a nisanta shi da wayoyin lantarki in akwai su a layinku. Kada kuma ka ɗaure mifi na ɗaki a leda ka rataye shi a rana. Zafin Afrilu da Mayu a Jigawa yana haura digiri 40, batirin zai kumbura, na'urar kuma in ta yi zafi da kanta take rage gudu.

Akwai matsalar da eriya ba ta warkarwa gaba ɗaya, ita ce cunkoso. Ƙarfen sabis ɗaya duk ƙauyukan da ke kewaye ke rabawa. Ka yi gwajinka sau uku a rana: bayan sallar asuba, da azahar, da bayan isha'i. In da asuba yana gudu, bayan isha'i ya durƙushe, alhali RSRP na nan yadda take, to jama'a ne suka yi yawa. Ka gwada kuma ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, lokacin da fatake da dillalai da masu POS suka cika yankin. In haka ne, manyan hotuna da rahotanni ka riƙa tura su da sassafe, in da hali kuma a matsar da taro zuwa hantsi. Hotunan rasit ɗin ma ka rage musu nauyi kafin turawa. Hoton waya na iya kai megabait huɗu ko biyar, alhali manhajar sikanin takardu za ta mayar da shi ƙasa da rabin megabait kuma rubutu ya fito sarai. Wannan kaɗai zai rage maka jira kusan ninki goma.

Game da canza layi, kada ka tambayi mutanen Dutse ko Kano wane kamfani ya fi. Babu wanda ya fi ko'ina. Ka aro sim na MTN, Airtel, Glo da sauransu daga maƙwabta, ka gwada kowanne a saman tsanin nan. Abin da ya kamata ka sani shi ne kamfanonin suna aiki a kan zanguna daban-daban na igiyar rediyo. Masu ƙaramar lamba, 700 da 800 MHz, sun fi tafiya nesa sun fi ratsa bango, su ne abokan mutumin karkara. Masu babbar lamba, 1800 da 2600 MHz, sun fi ɗaukar kaya amma ba sa nisa. Glo na da 4G a kan 700, wanda a jikin kwalin na'ura ake rubuta shi B28. MTN na da 800, wato B20, tun bayan da ya sayi Visafone a 2016. 1800 shi ne B3, 2600 kuma B7. Duk na'urar da za ka saya, ka duba kwalinta ka ga waɗannan huɗun, kuma ta zama ba a kulle take da layi ɗaya ba. Kada a ruɗe ka da tambarin 5G. MTN ya fara shi a 2022, Airtel a 2023, amma zangonsa gajere ne kuma a manyan birane aka fi girka shi.

Tunda kuna kusa da iyaka, ga wani abu: na'ura na iya kama sabis ɗin Nijar ta bar na gida, ko ta yi ta ƙoƙarin kamawa. Ka kashe yawon ƙetare, wato roaming, a saitin, ka zaɓi kamfaninka da hannu.

Ita busta, na'ura ce mai kamo sabis ta ƙara masa ƙarfi ta sake watsawa a ɗaki. Matsalarta ba ta bambance saƙo da hayaniya, duka take ƙarawa. Sanduna su cika, SINR na nan inda take ko ta ƙara lalacewa. Da yawa daga masu arahar da ke kasuwa don kira aka yi su, ba su ma taɓa zangon 4G ɗin da kake bukata. In kuma aka girka ta ba daidai ba, eriyar ciki da ta waje suka ji juna, sai ta riƙa tura ƙara zuwa ƙarfen sabis, ta ɓata wa duk ƙauyen. Saboda haka ne hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gargaɗi kan sayarwa da amfani da irin waɗannan ba tare da izini ba. Haka na'urar ƙara zangon waifai da ake sokawa a soket: zango na biyu take gyarawa, ba za ta ƙara maka komai daga ƙarfen sabis ba.

Zango na biyun ma ka leƙa shi, don akwai ɓarna a can da ba a gani. Ka buɗe jerin na'urorin da ke haɗe da mifinka. Shago a ƙofar gida yake, samari kuma a dakalin ƙofar gida suke hira, wayoyin yanzu kuwa da hoton lamba ɗaya ake raba faswod. Mutum biyu masu kallon bidiyo sun isa su kashe maka taro. Na san hana ɗan'uwa ko ɗan maƙwabci abu ne mai nauyi a wurinmu, kuma ba na cewa ka zama marowaci. Ka canza faswod, ka ware musu lokaci bayan ka tashi daga aiki, ko in rautar na da waifai na baƙi ka kunna musu shi ka iyakance gudunsa. Laftof ɗin ma ɓarawon kansa ne: Windows na sauke sabuntawa a ɓoye, Google Photos da OneDrive na ɗora hotuna a ɓoye, kuma wannan ɗorawar ita ce kake da ƙarancinta. Ka saita haɗin a matsayin mai ƙidayar data, ka dakatar da su lokacin aiki. A taro ka kashe kyamara in ba dole ba. In rautarka na da waifai iri biyu, mai lamba 5 GHz da mai 2.4 GHz, 5 ya fi gudu a ɗaki ɗaya, 2.4 ya fi ratsa bango zuwa cikin gida. Ka duba kuma tsarin datar da ka saya, don waɗanda ake cewa ba su da iyaka yawanci suna da adadin da in ka kai za a rage maka gudu har ƙarshen wata, mutum ya yi ta zargin sabis.

Wuta kuma: rauta ba ta cin abin kirki, yawanci ƙasa da wat goma sha biyu ne, a kan bolt 12. Ƙaramin batirin ajiya na rauta ko ɗan sola ya ishe ta. Amma in batirin ya yi sanyi ko cajar ba ta kirki ba ce, sai ta riƙa mutuwa tana tashi, ka ɗauka sabis ne ya ɗauke. In kuwa sabis ɗin ne ke ɗaukewa ɗungurum na sa'o'i a duk ƙauyen, wannan daga ƙarfen ne, ko man janareta ya ƙare ko an yanke kebul a hanya. Ka kira 300 ka kai ƙorafi ga kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafin ka ajiye. In ba a gyara ba, layin NCC na masu ƙorafi 622 ne, kyauta. Layi na biyu na wani kamfani daban, ko da da 'yar data kaɗan, shi ke ceton taro a irin wannan rana.

In ka hau tsani da duk layukan ka ga babu wanda ya haura -115, to ka fita daga zangon 4G, sai a yi maganar tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kuma ba ruwansa da ƙarfen sabis, sararin sama buɗaɗɗe kawai yake so. Amma kayansa da kuɗin watansa sun yi wa mutum ɗaya nauyi, babban faifan na cin wuta wat 50 zuwa 100, ruwan sama mai ƙarfi kuma na rage shi. In za a yi, ƙungiyar ce ya kamata ta ɗauki nauyi, tunda aikinta kake yi.

Ranar da za ka shiga Kano sayen kaya, ko Farm Centre ko titin Beirut, ka tafi da sim ɗinka da takardar awonka. A sa sim ɗin a na'urar a gabanka, ka ga ta kama 4G, ka buɗe shafinta ka tabbatar tana nuna RSRP da SINR, kuma tana ba da damar kulle zango ɗaya, don wani lokaci kulle ta a kan B3 ko B20 kaɗai ke raba ka da cunkoso. Ku yi yarjejeniya da mai shagon, a rubuta a bayan rasit, cewa in ka kai ƙauye ba ta yi ba za ka dawo da ita cikin mako guda a canza maka.